Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daraktan Ilimi na Jihar Tahoua: a ba ɗalibanmu bango ɗaya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da duk ma'aikatan ofishinka, ni malamin Faransanci ne a ɗaya daga cikin makarantun CEG, wato ƙananan sakandare, na garin Tahoua, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Na rubuto maka wannan takarda a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin iyayen yaran da zan yi magana a kansu su ji da kunnensu abin da na roƙa a madadin ƴaƴansu.

Bango nake roƙo. Bango ɗaya a kowace makarantar sakandare ta jihar nan, inda ɗalibai za su liƙa ko su rubuta waƙoƙin da suka tsara da kansu. Sai kuma takarda daga ofishinka, da sa hannunka da hatimi, wadda za ta shaida wa kowane shugaban makaranta cewa yin haka ba laifi ba ne. Ga abin da ya kawo maganar.

A hunturun da ya wuce ina koya wa ƴan ajin 4ème, aji na uku na CEG, darasin waƙa. Na cika allo da bayanin baiti da amsa-amo cikin Faransanci, na juyo na tarar rabin aji sun kifa kai, sauran suna kwafa ba su san me suke kwafa ba. Sai na rufe littafi na ce, wa ya san waƙar da kakarsa ke yi in tana niƙa ko tana lallashin jariri? Hannuwa suka tashi har daga bencin baya, inda hannu bai saba tashi ba. Wata ta rera ta daka, wani ya kawo kirarin ɗan kokowar garinsu, aji ya kaure da shewa. Kafin a tashi na ce kowa ya je gida ya tsara ɗango biyu na kansa, wato layi biyu na waƙa, da harshen da ya ga dama, sharaɗin kawai ƙarshen na farko da na biyu su yi amo ɗaya. Ajin ya haura mutum saba'in. Washegari waɗanda suka zo hannu rabbana ba su kai goma ba, alhali aikin gida na yau da kullum in rabi suka yi sai in gode wa Allah.

Rataye waƙoƙin a fili da muka yi daga baya ba dabarata ba ce. Su ne suka ce, "Mushe, in munka bar su cikin kaye wa za ya gani?" Wani yaro da mahaifinsa ke da shago a kasuwa ya kwaso kwalayen sukari da na shayi da aka gama da su. Suka yanka su siffar allo, har da ɗan kan nan da ake riƙewa. Ƴan mata suka zo da zaren ɗinkin hula. Wani ya zauna ya kewaye gefen kwalayen da irin zayyanar da ya gani a allon saukar yayansa, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya kashe yammaci biyu a kai. Muka rataye su a rassan bedin da ke tsakiyar haraba, daidai idon mutum. Iska tana ta juya su, sai ka kama kwali da hannu kafin ka karanta.

Da aka buga ƙarfen shan iska, ba a ruga wurin masu ƙosai kamar kullum ba, gindin bedi aka cika. Manyan ƴan 3ème, ajin ƙarshe na CEG, waɗanda ko kallon ƙannensu ba sa yi, suna tsaye suna gardama kan wane baiti ya fi wani. Kwalin da aka fi taruwa a kansa na wata yarinya ne wadda tun farkon shekara ban ji muryarta ba sai a kiran suna. Ga abin da ta rubuta:

Baba ya tahi biɗa ina goye,
Hotonai guda gare mu, na ɓoye.

Ɗaya daga cikin matan da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta bar kaskonta ta shigo ta ga me ya riƙe mata masu saye. Ba ta yi boko ba, sai ta sa wani yaro ya karanta mata. Ya karanta, ta ce ya sake. Ta yi shiru, ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce, "Wagga ɗiyar wa ta?" Nata ɗan shekara huɗu ke nan yana Libiya. Ranka ya daɗe, ba sai na faɗa maka ba, a Adar da wuya ka shiga gida ba ka tarar wani nasu yana Abijan ko Legas ko Libiya ba. Yarinya ƴar shekara goma sha huɗu ta faɗi abin da ke cikin gidajen nan duka a ɗango biyu, da yaren Adar, kuma matar da shekara da shekaru take zaune a ƙofar lakwal ranar ce ta fara jin wani abu da aka rubuta a ciki ya shafe ta.

Kwana uku suka yi a rataye. A na huɗu na zo da safe na tarar an tsinke su an tara a ofishin mai kula da ɗa'ar ɗalibai. Dalilansa uku ne: ba a nemi izini a rubuce ba, rubutun da Hausa ne, kuma ɗaya daga ciki ƙorafi ne. Wanda ya kira ƙorafi na wani yaro ne da ajinsu ke rumfar zana:

Rana ta shigo ajinmu ba sallama,
Zana ta yage muna kallon sama.

Ba na riƙe mutumin da mugunta, abokin aikina ne, tare muke sallar azahar. Ya ce da ni in sufeto ya faɗo ya ga wannan, wa zai tsaya masa? Shi a wurinsa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na kasa ce masa ya yi kuskure, domin gaskiya ne ba shi da takardar da zai nuna. Amma da yaran suka kewaye ni suna tambaya, "Mushe, mi munka yi?" nan ma na rasa abin cewa. Shi ya sa na ce takardarka nake nema tare da bangon. Muddin babu ita, duk malamin da ya gwada irin wannan a Buza ko Keita ko Abalak, abin da ya same mu shi zai same shi.

Da na ga guntayen zaren nan suna reto a jikin bedi, wani zare na tuna. Na tabbata ka san sambol. A lakwal ɗinmu ta firamare wani ƙashi ne da aka zura wa igiya. Wanda aka kama ya yi Hausa a haraba a rataya masa shi a wuya, shi kuma ya yi ta laɓe yana sauraron abokansa har ya kama wani ya sauke masa. Wanda yamma ta yi abin yana wuyansa shi ke shan bulala. Haka aka koya mana gadin bakin juna. A aji kuwa mu naɗe hannu a ƙirji mu yi hardar waƙar hankaka da dila da Faransanci, babu tuntuɓe ko ɗaya, sai bayan shekaru na gane abin da hankakan ke riƙe da shi a baka ɗan'uwan cukun nan ne da matan Abzinawa ke kawowa kasuwarmu. Ina son Faransanci, da shi nake ci da iyalina, kuma waƙar hankakan mai kyau ce, har yau ina koyar da irinta. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun daga CI, ajin farko na firamare, har na gama lise, babbar sakandare, babu malamin da ya taɓa ce mini in rubuta ɗango ɗaya da harshen da uwata ta yi mini waƙar reno da shi. An daina rataya ƙashi a wuya, alhamdu lillahi. Amma yaron da aka tsinke masa kwali saboda da Hausa ya rubuta, darasin sambol ya koya ranar.

Ga shi kuwa doka ba ta gefen tsinkewa. A ranar 26 ga Maris 2025 aka sa hannu kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa sauran harsunanmu irin su Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Tun kafin nan ma, a 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa. Takardu dai akwai su. Amma ka zaga harabar makarantarmu daga ƙofa har bayan azuzuwa, ba za ka ga kalma ɗaya ta Hausa a rubuce ba, sai abin da yara suka karce a jikin bangon bayan gida. Na san wallafa littattafai da horar da malamai aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa, kuma ba a hannunka kaɗai yake ba. Shi bango yana tsaye tun jiya.

Kuma in akwai jihar da bai kamata a roƙi izinin waƙa a cikinta ba, tamu ce. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara. Takan tsara da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta koya wa jajoji, wato matan da ta zaɓa su zama malamai, ta ɗora musu malfa, su koma garuruwansu su koya wa Ƴan Taru, ƙungiyar mata ɗalibanta. Ta san abin da aka zuba cikin baiti ba ya zubewa, mace na daka tana maimaita shi har ya zauna. Malaman da suka gabace mu a ƙasar nan ba su ɗauki waƙa wasa ba, kayan aikin koyarwa suka ɗauke ta. A nan Tahoua aka yi gasar kokowar ƙasa ta farko a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san kirari rabin wasan ne. A nan ake gasar kiɗa da waƙa ta Ɗan Gurmu. Je ka tashar mota ka karanta bayan manyan motocin da ke lodin albasa, kowace da karin maganarta. Ko'ina a garin nan magana mai azanci tana da wurin zama a fili, banda makaranta.

Kada a ɗauka nishaɗi kawai nake nema wa yara. Kwana ukun nan sun koya musu abin da na daɗe ina fama ban iya cusa musu ba. Yaranmu suna rubuta Hausa kullum a WhatsApp, amma da ƙa'idar Faransanci: "ina kouana", "guida", "tchi". Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, yawancinsu ba su taɓa rubuta su ba. Da suka san jama'a za su karanta, sai suka fara tsoron kuskure irin tsoron da jan bik ɗina na gyaran aiki bai taɓa sa musu ba. Wani ya rubuta "baki sun zo" yana nufin baƙi, abokansa suka yi ta yi masa dariya har ya nemi sabon kwali. Daga ranar ajin duka suka san bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Ita yarinyar nan sau huɗu ta sake nata, domin ta ji ɗango na biyu ya fi na farko tsawo in ta rera. Ba ta san sunan abin da kunnenta ya kama ba. Shi ne kari, wato yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi ke jeruwa, wanda marubuta waƙar Hausa ke aunawa da awon aruli. Na bi ta nan na nuna musu ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyu ko huɗu ko biyar, da ƙaramin amsa-amo da babba. Mako biyu bayan haka da muka koma ƙirga gaɓoɓi goma sha biyu na baitin Faransanci, wanda shi ke fitowa a jarrabawa, suka kama shi cikin sa'a ɗaya. Don haka wanda zai ce wannan zai ci lokacin shirin BEPC, jarrabawar gama CEG, ni abin da na gani a ajina akasin haka ne.

Akwai damuwar da na yarda da ita, kuma gara in faɗe ta da kaina. Ta farko sunan Allah. Al'adar waƙar Hausa ce a buɗe da basmala da salati, yara da yawa haka suka yi ba wanda ya sa su. Kwali mai sunan Allah bai kamata iska ta yar da shi ƙasa a taka ba. Wani malamin addini a unguwarmu ya ja hankalina kan wannan, kuma ya yi gaskiya. Irin waɗannan a kafa su da ƙusa a bango, a wuri mai tsabta, in an sauke a adana su. Ya kuma ce siffar allo ba matsala muddin ba a haɗa ayar Alƙur'ani da waƙar wasa a kwali ɗaya ba. Ta biyu wuta. Ba wanda ya manta da 2021, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake yi a Maraɗi cikin Nuwamba, yara fiye da arba'in suka rasu a biyun, Allah ya jiƙansu. Kada a rataye takarda ko kwali a jikin zana ko kusa da ita, bangon ƙasa ko na siminti ko itace a fili kawai. Ta uku zambo da habaici. Bahaushe ya iya su tun yana ƙarami, kuma baiti ɗaya na iya hana yarinya zuwa makaranta wata guda. A sa kwamitin ɗalibai da malamai biyu su duba kafin a liƙa: ba zagi, ba kama suna, ba taɓa ƙabila ko iyayen wani.

Amma a nan nake roƙonka ka sa ido sosai a kan yadda za a rubuta takardar. Tsorona kada dubawa ta koma tacewa, a wayi gari bangon ya cika da yabon shugaban makaranta da yabon hukuma da "ilimi gishirin zaman duniya" sau arba'in. In haka ta faru yara za su daina tsayawa a gabansa cikin mako ɗaya, domin sun fi mu saurin gane maganar da ba ta fito daga zuci ba. Yaron da ya ce zana ta yage yana kallon sama bai zagi kowa ba. Gaskiya ya faɗa, ya kuma faɗe ta da kyau, har ya sa rana ta shigo aji kamar baƙon da bai yi sallama ba. Irin wannan baiti ya kamata ya kai teburinka, domin ya fi rahoton da muke aiko muku kowane zango bayyana halin da ake ciki. Ina so takardar ta faɗa ƙarara cewa ɗalibi na da damar yin waƙa kan yunwa da ci-rani da auren wuri da ƙishirwar bazara da ajin da ba benci, kamar yadda yake da damar yi kan damina da Sallah da mahaifiyarsa.

Kada kuma a ba da maki a kai, kada a mai da shi gasar da mutum uku za su ci sauran su koma ƴan kallo. A riƙa saukewa ana sa sababbi duk mako biyu, aji bayan aji. Wanda ke jin kunya ya sa sunan ajinsa kawai.

Na yi ta ambaton Hausa domin ita ce ta fi yawa a ajina, amma bangon na kowa ne. Cikin kwalayenmu akwai biyu da Tamajak, ɗaya ma da haruffan Tifinar, yaron ya ce kakarsa ce ta koya masa su a kan rairayi. Abokansa suka yi ta mamaki, ba su taɓa sanin harshensa na da rubutu nasa na kansa ba. Akwai ɗaya da Fulatanci kan wata saniya da aka sayar, akwai na Faransanci da dama. Wani yaro kuma da ya daɗe a makarantar allo kafin a sa shi boko, wanda kullum shi ne a ƙarshen aji, ya rubuta nasa da ajami da hannu mai kyau ƙwarai. Ranar shi ne malami, ƴan gaban aji suna roƙonsa ya karanta musu. Na ga yadda ya tsaya, kafaɗa a miƙe. Ban taɓa ganin ya tsaya haka ba.

Batun kuɗi ba shi da yawa. Gwangwanin fentin allo ɗaya da alli mai launi da ƙusoshi, COGES, kwamitin kula da tafiyar kowace makaranta, zai iya. Kada a ce iyaye su kawo ko dala. Abin da muka fi buƙata mai nuna mana ƙa'idar rubutu ne, domin mu malaman kanmu yawancinmu ba a koya mana rubuta Hausa ba. Ga Jami'ar Djibo Hamani a cikin gari, ga makarantar horon malamai, in ofishinka ya nema ba za a rasa wanda zai ba mu yini biyu ba. Gidajen rediyon jihar kuma su riƙa karanta baitocin da suka fi, don iyayen da ke Madawa da Illela da Ƙonni su ji.

Lokacin farawa ma yana nan a shirye. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, tana faɗawa cikin babban hutu, makarantu a rufe. Amma 21 ga Fabrairu ita ce ranar harshen uwa, 21 ga Maris kuma ranar waƙa ta duniya wadda UNESCO ta ware tun 1999, duka biyun ana cikin karatu, wata guda cif tsakaninsu. In takardarka ta fito kafin Fabrairu, sai a buɗe bango a ranar farko, a gayyaci iyaye su zo su gani a ta biyu.

Kwalayen suna wurina. Na karɓo su daga ofis na ɗaure da zarensu, suna saman kabad a ɗakina, na lulluɓe su da buhu saboda ƙura. In ka samu sarari ka aiko a kira ni in kawo maka su ka duba da idonka, gani ya kori ji. Makon jiya yarinyar nan ta tsaya bayan an tashi, ta tambaye ni ko nata na nan. Na ce yana nan. Ta ce ta ƙara baiti shida, babanta ya bugo waya ta karanta masa, ya ce ta ajiye masa har ya zo. Sannan ta ce yaushe za a sake ratayewa. Na ce mata na rubuta wa Darakta, muna jiran amsarsa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Malamin Faransanci a wata CEG, Tahoua